Daga Goro Zuwa Ƙwaya: Natsuwa, Walwala da Sabo

Gabatarwa

Parakou da Djougou garuruwa ne biyu a arewacin Jamhuriyar Benin, tsakaninsu tafiyar kilomita 130 da 'yan kai. Dukansu tsofaffin zangunan fatake ne. A ƙarni na 19, ayarin da ya taso daga Kano ko Sakkwato za shi Gwanja sayen goro yakan ƙetare kogin Kwara ya shiga ƙasar Borgu, ya yada zango a Nikki ko Parakou, sa'annan ya wuce Djougou kafin ya doshi Salaga. Zuwa da komowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara guda. Har yau akwai Hausawa a unguwannin zango na garuruwan nan, suna zaune tare da Dendawa da Bariba da Fulani da Yarbawa.

Abin da ya sa fatake suka jure wannan doguwar tafiya ɗan itace ne mai ɗaci wanda ba ya ƙosar da kowa. Amfaninsa shi ne yana kore barci, yana danne yunwa, yana wartsakar da mai gajiya. Watau goro yana cikin jinsin abubuwan da masana ke kira masu zaburar da ƙwaƙwalwa. A cikin wannan jinsi ne kuma ake samun magungunan da likitoci ke rubuta wa masu larurar rashin natsuwa, ko da yake sun fi goro ƙarfi nesa ba kusa ba. Takardar nan za ta duba yadda waɗannan magunguna ke taɓa natsuwa da yanayin rai, da kuma yadda jiki ke sabawa da su. Za a riƙa komawa ga goro, domin wanda ya san halinsa ya riga ya san rabin bayanin.

Larurar da ake magana a kai

Hausa ba ta rasa kalmomin siffanta yaron da ba ya zama wuri ɗaya ba. Akan ce yana da ƙiriniya, ko rawar kai, ko kuma a ce mai kunnen ƙashi ne idan an gaya masa magana ta shiga nan ta fita can. Amma duk waɗannan kalmomi na zargi ne, suna ɗora laifin a kan yaro ko a kan tarbiyyar gidansu. Likitoci kuwa sun ware wani kaso na irin yaran nan suka ce larura ce ke damunsu. Likitocin Benin, da yake da Faransanci suke aiki, suna kiranta TDAH a taƙaice. A nan za a kira ta larurar rashin natsuwa.

Ba kowace ƙiriniya ce larura ba. Kafin likita ya yanke hukunci, sai alamun sun ɗauki aƙalla wata shida, sun faro tun kafin yaro ya kai shekara 12, sun bayyana a wuri fiye da ɗaya, misali gida da makaranta, kuma suna hana shi abin da sa'o'insa ke iyawa. Wani yaron ba shi da ƙiriniya ko kaɗan, yana zaune shiru, amma hankalinsa ya yi nisan kiwo. Irin wannan ya fi yawa a cikin 'yan mata, kuma shi ne aka fi saurin mantawa da shi a bayan aji. Wani likitan yara na Ingila mai suna George Still ya yi bayanin irin waɗannan yara tun 1902. Wani nazari da aka buga a 2007, wanda ya tattara bincike daga sassan duniya, ya kiyasta cewa kimanin yara 5 cikin 100 ne ke da larurar. Tana bin jini ƙwarai, kuma da yawa sukan girma da ita. Bulala ba ta maganinta.

Asalin magungunan

A shekarar 1937, wani likita mai suna Charles Bradley yana kula da yara masu matsalar ɗabi'a a wani asibiti a jihar Rhode Island ta Amurka. Ya ba yara 30 wani magani mai suna Benzedrine, wanda sinadarin amfetamin ne, da niyyar rage musu ciwon kai. Ciwon kan bai tafi ba, amma malamai suka lura kusan rabin yaran sun duƙufa kan karatu fiye da da. Yaran da kansu suka laƙaba wa maganin sunan ƙwayar lissafi. A 1944 kuma wani masanin haɗa magunguna a birnin Basel na Suwizalan, Leandro Panizzon, ya haɗa sinadarin metilfenidet. Matarsa Rita takan sha kafin ta buga wasan tanis, daga sunanta ne aka samo Ritalin. Waɗannan biyu, amfetamin da metilfenidet, su ne ginshiƙin maganin larurar har yanzu. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa su duka cikin magungunan da ake sa wa ido sosai, saboda ana iya shan su don maye.

Natsuwa

Tambayar da kowa ke fara yi ita ce, yaya za a yi maganin da ke zaburarwa ya kwantar da yaro mai ƙiriniya? Amsar tana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke aika saƙo. Ƙwayoyin jijiya ba a manne suke da juna ba, akwai ɗan gibi tsakanin kowace biyu. Idan ɗaya za ta yi wa ɗaya magana, sai ta saki wani sinadari cikin gibin, ɗayar ta karɓa, sa'annan wasu ƙananan ƙofofi su tsotse ragowar su mayar inda ya fito. Biyu daga cikin sinadaran nan, dofamin da noradirenalin, su ne ke taimaka wa ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, wajen zaɓen abin da za a mai da hankali a kai da abin da za a yi biris da shi. Metilfenidet yana toshe ƙofofin tsotsewa, sai saƙon ya daɗe a gibin. Amfetamin yana yin haka, ya kuma ƙara da tura sinadarin waje.

A ɗauki misalin mai sayar da atamfa a kasuwar Arzeke ta Parakou. Ga kukan babura, ga masu talla, ga rediyon maƙwabci, amma yana jin mai ciniki ɗaya tak da ke gabansa, yana lissafin canji. Kunnensa ba ya toshe ba ne, ƙwaƙwalwarsa ce ta ɗaga murya ɗaya ta danne saura. Mai larurar rashin natsuwa kuwa duk muryoyin daidai suke shigo masa, kowace tana jan rigarsa. Maganin yana ƙarfafa mai zaɓen ne, watau yana zaburar da linzami, ba doki ba. Idan linzami ya yi ƙarfi sai a ga doki ya natsu.

An daɗe ana zaton cewa masu larurar ne kaɗai maganin ke kwantarwa, wai sauran mutane tayar musu da hankali yake yi. Wannan zato ya rushe tun 1978, lokacin da Judith Rapoport da abokan aikinta a Amurka suka ba yara lafiyayyu amfetamin, suka ga su ma sun rage motsi sun ƙara mai da hankali. Ke nan, don mutum ya sha ya ji ya natsu, wannan ba shaida ce ta cewa yana da larurar ba.

Abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne cewa maganin ba ya ƙara basira. A 2004 Nora Volkow da abokan aikinta suka ba wasu mutane metilfenidet, suka sa su aikin lissafi, suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Dofamin ya ƙaru, mutanen kuma suka ce lissafin ya fi ba su sha'awa. Aikin bai canja ba, ƙwarewarsu ba ta canja ba, ɗanɗanon aikin ne ya canja. Wannan babban abu ne ga yaron da ya iya karatu amma ba ya iya zama ya gama shafi guda. Ga wanda ba shi da larurar kuwa, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Melbourne ta Ostireliya, aka buga a 2023, ya ba lafiyayyun mutane 40 irin waɗannan magunguna, ya sa su warware wata matsala mai sarƙaƙiya. Sun ƙara ƙwazo, sun ɓata lokaci mai yawa, amma ingancin aikin bai ƙaru ba, na waɗanda suka fi iyawa ma raguwa ya yi. Ɗalibin da ya sha ƙwaya daren jarrabawa yana iya kwana yana kwafe shafi ɗaya da kyakkyawan rubutu, yana jin kamar ya haddace littafin.

Akwai kuma batun ƙima. Tsirkiyar gurmi idan ta yi sako-sako ba ta ba da amo, idan an ɗaure ta fiye da kima sai ta yi ƙara marar daɗi ko ta tsinke. Haka dofamin yake a gaban ƙwaƙwalwa. Kaɗan ya hana natsuwa, da yawa ya sa mutum ya kafe kan abu ɗaya ya kasa juyawa zuwa wani. Shi ya sa likita kan fara da ƙaramin awo, ya riƙa ƙarawa sannu a hankali yana tambayar iyaye da malamai.

Goro ta wata hanya dabam yake bi. Sinadarin da ke cikinsa, kafeyin, shi ne dai na cikin kofi da shayi. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa yana sanar da ita gajiya. Kafeyin yana zama a mazaunin adenosin ya hana saƙon isa. Gajiyar tana nan, labarinta ne bai iso ba.

Yanayin rai

Maganin da ke taɓa dofamin ba zai bar rai yadda ya same shi ba. Ga da yawa daga masu larurar canjin alheri ne: faɗa ya ragu, tsawar malam ta ragu, yaro ya fara ganin shi ma yana iya wani abu. Amma akwai ɗaya gefen. Rashin cin abinci da wahalar barci su ne suka fi yawa. Bugun zuciya da hawan jini kan ɗan ƙaru. Wasu kan yi saurin fushi ko fargaba, wasu kuma su yi jugum, iyaye su ce yaron ya natsu amma ba shi ba ne. Wannan na ƙarshe alama ce ta cewa awon ya yi yawa, ba nasara ba ce. Metilfenidet mai saurin narkewa yana aiki awa uku zuwa huɗu, mai narkewa a hankali kuma awa takwas zuwa sha biyu. Lokacin da ƙarfinsa ke janyewa, galibi da yamma, wasu yaran kan yi kuka ko rigima fiye da yadda suka saba, na ɗan lokaci. A wasu 'yan ƙalilan abin kan kai ga taɓin hankali, mutum ya riƙa jin muryoyi ko zargin ana binsa. Wani babban nazari na 2019 a Amurka ya sami haka a kusan mutum 1 cikin 660 na matasan da suka fara shan maganin, kuma ya fi yawa ga masu shan amfetamin.

Sai kuma walwala, watau jin daɗi da jin ƙarfi kamar babu abin da zai gagara. Wannan ya danganta da saurin isar maganin ƙwaƙwalwa. Ƙwayar da aka haɗiya bisa awon likita tana hawa a hankali, ba ta cika kawo maye ba. Wadda aka daka aka shaƙa, ko aka sha da yawa lokaci guda, tana isa kamar ambaliya. Sinadari ɗaya ne, amma hanyar shan ce ke raba magani da maye.

Sabo

Hausawa na cewa sabo turken wawa. A bakin likita kalmar tana da ma'ana ta musamman: jiki ya saba da magani idan awon da ke aiki da ya daina aiki, sai an ƙara. Yana da kyau a bambanta wannan da wasu abubuwa biyu da ake yawan cakuɗa su da shi. Dogaro shi ne jiki ya yi ciwo idan an daina. Jaraba kuwa ita ce mutum ya ci gaba da nema ko da yana ganin abin yana cutar da shi. Ana iya samun na farko da na biyu ba tare da na uku ba.

Duk wanda ya zauna da maciya goro ya ga wannan da idonsa. Yaron da ya fara ɓantarar goro a wurin ɗaurin aure yana iya kwana ido biyu. Tsohon da ya shekara arba'in yana ci kuwa yakan tauna bayan sallar isha'i ya kwanta ya yi minshari. Ƙwaƙwalwarsa ta daidaita kanta da kafeyin, har ya zama goron ba ya ɗaga shi sama, sai dai ya mai da shi daidai. Idan azumi ya kama, kwanakin farko yakan yi fama da ciwon kai da kasala da hamma, domin ciwon rashin kafeyin yakan fara ne awa 12 zuwa 24 bayan an daina. Bayan mako guda ko makamancin haka sai ya wuce. Ga sabo ga dogaro, a ƙaramin sikeli.

A magungunan rashin natsuwa, sabo ba ya zuwa wa kowane tasiri lokaci ɗaya, kuma a nan ne haɗarin yake. Walwala ce ke fara gushewa, cikin 'yan kwanaki ko makonni. Rashin cin abinci yakan yi sauƙi daga baya. Taimakon da maganin ke yi wa natsuwa shi ya fi daɗewa, mutane da yawa sukan shekara da shekaru a kan awo ɗaya. To, wanda ya ɗauka cewa walwalar nan ita ce aikin maganin, ranar da ya daina jin ta sai ya ce magani ya daina aiki, ya ƙara awo. Walwalar ta dawo na kwana biyu ta sake tafiya, ya sake ƙarawa. A halin nan natsuwar da ake nema ta riga ta wuce ƙima ta fara lalacewa, barci ya ƙaura, rai ya ɓaci. Saboda haka tambayar da likita ke yi ba ita ce ko mutum yana jin maganin a jikinsa ba. Tambayar ita ce ko yana gama aikin da ya fara, ko malam ya ga bambanci a littafinsa.

Wannan ba ya nufin natsuwar ba ta da nata sabon. Wani nazari na 2013 ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar manya masu larurar kafin su fara metilfenidet da bayan shekara guda, ya ga ƙofofin tsotse dofamin sun ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙwaƙwalwa tana ƙoƙarin mayar da ma'auni inda yake ke nan. Haka kuma babban gwajin da aka yi wa yara 579 a Amurka da Kanada, wanda sakamakonsa ya fito a 1999, ya nuna cewa a wata 14 na farko yaran da aka ba magani bisa kulawa sosai sun fi waɗanda aka ba horon ɗabi'a kaɗai samun sauƙi. Da aka sake duba su bayan shekara uku, tazarar ta ɓace. Masana sun yi ta muhawara kan dalili, domin bayan ƙarewar gwajin wasu sun daina sha, wasu kuma sun fara. An kuma lura cewa waɗanda suka daɗe suna sha sun ɗan gaza sa'o'insu tsawo. Waɗannan dalilai ne suka sa likitoci kan dakatar da maganin lokaci-lokaci, misali a hutun makaranta, don a ga ko har yanzu ana bukatarsa. Sau da yawa kuma abin da ake kira sabo bashin barci ne ya taru, ko yaro ne ya girma jikinsa ya fi ƙarfin awon da.

Abin da ke kasuwa

Yawancin metilfenidet da ake sha a duniya a Amurka ta Arewa da Turai ake shan sa. A Afirka ta Yamma kaɗan ne ƙwarai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙi sa shi cikin jerin magungunan dole a 2019 da 2021, tana cewa hujjar amfaninsa na dogon lokaci ba ta gamsar ba. Amma bukatar da ke sa a nemi mai zaburarwa tana nan a Parakou da Djougou kamar ko'ina. 'Yan acaɓa, waɗanda a Benin ake kira zemijan, da leburori da masu aikin gonar auduga da direbobin manyan motoci masu ɗaukar kaya daga Kwatano zuwa arewa, duk suna neman abin da zai tsawaita musu yini. Da goro da shayi da kofi ne. A shekarun 2010 sai tiramadol ya cika kasuwannin yankin, wanda a bakin jama'a ya zama tiramol.

Tiramadol ba maganin natsuwa ba ne, ba ma ya cikin jinsin masu zaburarwa. Maganin ciwo ne dangin ofiyom, wanda aka fara sayarwa a Jamus a 1977. Sai dai yana kuma hana tsotse noradirenalin da wani sinadarin mai suna serotonin, shi ya sa mai sha ke jin ƙarfi da walwala maimakon barci. Awon asibiti miligiram 50 ne zuwa 100 a sha ɗaya, kada a wuce 400 a yini. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa kuwa ƙwaya ɗaya takan kai 120 ko 200 ko 225. Sabo da shi yana da sauri, dainawa kuma tana zuwa da ciwon gaɓoɓi da gumi da zawo da rashin barci, abin da ya sha gaban ciwon kan mai goro. Awo mai yawa yana kawo farfaɗiya, wani lokaci a kan babur. A watan Fabrairu na 2017 gwamnatin Shugaba Patrice Talon ta kai samame wurin masu sayar da magani a kasuwar Dantokpa ta Kwatano, ta kwashe tan-tan na magunguna, amma iyakokin ƙasar suna da tsawo.

Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne yadda kalmar ƙwaya ta sauya. Asalinta ƙwayar hatsi ce ko ta ido, sa'annan ta zama ƙwayar magani, yau kuwa idan aka ce wane ɗan ƙwaya ne, an gama zaginsa. Wannan sauyi yana da nasa illa. Uban da likita zai ce masa a ɗora ɗansa kan ƙwaya kullum safiya, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne samarin tasha, ba yaran Bradley ba.

Ga yaron da ke aji mai cunkoso a Djougou, abin da ya fi kusa da hannu ba magani ba ne. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wa ma'aikatan lafiya a wuraren da likitocin ƙwaƙwalwa suka yi ƙaranci ta sa koyar da iyaye da tuntuɓar malamai a gaba. Daga cikin abin da ake ba da shawara akwai a zaunar da yaron a layin gaba, nesa da taga, a ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a gutsuttsura masa aiki, a yaba masa nan take idan ya gama, a kuma aike shi ya share allo ko ya raba littattafai idan zama ya ishe shi. Metilfenidet sai idan waɗannan sun gaza, a hannun ƙwararren likita, ga yaron da ya kai shekara shida, ana auna tsawonsa da nauyinsa da hawan jininsa a kai a kai.